Birgi a Iska: Tarihin Masu Hoto a Kudancin Kano

Duk wanda aka taɓa buɗe wa tsohuwar adaka a wani gida a Bebeji ko Ƙiru ko Tudun Wadan Ɗankadai, aka zaro masa hotunan kakanni, zai ga babu mai motsi a cikinsu. Mutum na zaune a kujera, tafin hannuwa a kan gwiwa, rawani a naɗe tsaf, ido a zare. In ma da doki a hoton, to a tsaye yake, wani yana riƙe da linzami. Yaran yanzu kan ɗauka mutanen da ba su da fara'a ne. Fara'a kam suna da ita. Kyamarar ce ba ta iya kama motsi, mai hoto kuma ya riga ya ja kunne: kar ka motsa, kar ka ƙifta. Kafin a kai ranar da za a ɗauki masunci a tafkin Tiga ya wurga birgi, birgin ya buɗe a iska, ɗigon ruwa na rataye a bakinsa, sai da aka yi doguwar tafiya. Ni na riski ƙarshenta ina yaron kawuna, ƙanin mahaifiyata, wanda ya ci abinci da hoto a wannan yanki har ƙarfinsa ya ƙare.

Fatakenmu sun ga hoto tun kafin hoto ya zo inda muke. Bebeji gari ne na Agalawa masu safarar goro, a nan aka haifi Alhassan Ɗantata a 1877, kuma hanyar da ya bi zuwa Gwanja da Kumasi da Ankara hanya ce da ayari ya daɗe yana bi. A Ankara tun shekarun 1870 akwai gidan hoto na zuriyar Lutterodt. A Bonny akwai Jonathan Adagogo Green, wanda ya ɗauki Sarkin Benin Ovonramwen a 1897 lokacin da Turawa suka kama shi. A ƙasar Kano kuwa, bayan zuwan Turawa a 1903, kyamara a hannunsu take. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, ya ratsa ƙasar Ƙiru ta Ɗangora. An yi wa Yariman Ingila hawan daba a Kano a 1925, an ɗauki hotuna da yawa, amma Bature ya ɗauka, Ingila aka kai. Hoto a matsayin sana'ar neman na tuwo ta Sabon Garin Kano ya shigo mana, a hannun Yarbawa da Ibo, kuma daga wurinsu 'ya'yan Hausawa na farko suka koya. Kawu ma a can ya yi zaman koyo, yana share shago yana ɗebo ruwan wanki kafin a bar shi ya taɓa kyamara.

Kyamarar da ya fara fita ƙauye da ita akwatin katako ce a kan ƙafa uku. Na same ta a ɗakinsa bayan ta daina aiki, na kuma sha buɗe ta ina leƙawa. A gaba akwai gilashi da murfi. A baya akwai hannun riga na baƙin yadi wanda mai hoto ke zura hannunsa ta ciki. A cikin akwatin akwai 'yan tasoshi biyu na maganin wanki. Ba fim ake sa mata ba, takarda ce mai jin haske. Shota ma babu. Mai hoto zai cire murfin da hannu, ya ƙirga a zuciyarsa, ya mayar. Wannan ƙirgen kan kai sakan ɗaya ko biyu, a inuwa ya fi haka, kuma duk abin da ya motsa a tsakani zai fito dishi-dishi. Sai ya wanke takardar a cikin akwatin da lalube, ta fito a juye, baƙin mutum ya zama fari, farar riga ta zama baƙa. Ya manna ta a wani ɗan allo gaban gilashin, ya sake ɗaukarta, sannan hoto ya fito daidai. A ɗauraye a bokiti, a yanke da almakashi, a miƙa maka da ɗanyensa. Ran kasuwa yakan kafa ta a gindin bishiya, ya rataya baƙin zane a bango, ya ajiye kujera.

Abin da ya riƙe sana'ar a lokacin fasfo ne: na maniyyaci, na ɗan makaranta, na mai neman aikin En'e ko aikin kuza a Riruwai. Hoton sha'awa kaɗan ne. Malamai da yawa ba su sake da shi ba, matan aure suna kulle, dattijo kuma yakan ce me zai yi da surarsa a takarda. Wanda ya zauna gaban akwatin, larura ce ta zaunar da shi.

A wata duniyar an riga an warware matsalar motsi tun tuni. A 1878, a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, wani mai hoto Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a gefen filin sukuwa na attajiri Leland Stanford, ya ja zare daga kowace ya ratsa hanya, doki na tsinka zaren kyamara na ɗauka, cikin wajen kashi ɗaya cikin 1000 na sakan. Hotunan suka nuna akwai lokacin da kofato huɗu duk suna sama, kuma a lokacin a naɗe suke ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba yadda masu zane suka saba yi. Duk wani barden ƙasar Kano ya san haka a jikinsa, amma ido bai taɓa tsayar da shi ya gani ba. Sai da aka yi kusan shekara ɗari kafin irin wannan sauri ya shigo jakar mai hoton ƙauye a wajenmu, kuma ruwa ne ya jawo shi.

An kafa Jihar Kano a 1967, Kwamishinan 'Yan Sanda Audu Baƙo ya zama gwamna har zuwa 1975, ya kuma ɗauki maganar madatsun ruwa da zafi. Aka yi na Bagauda, sannan babban, na Tiga, a kan Kogin Kano, daga 1971 zuwa 1974, daidai shekarun da fari ya gasa ƙasashen Sahel. Bangon ya kai tsawon kilomita 6, tsayinsa mita 48, tafkin da ya taru a bayansa ya shafe murabba'in kilomita 178, an gina shi don ya ɗauki ruwa kusan kubik mita biliyan 2. Daga nan aka ja babbar hanyar ruwa zuwa Kadawa da Kura don noman rani. Ba zan wuce wannan ba sai na faɗa: dubban mutane aka tasa, gonaki da kushewu da kukokin da ake kwatance da su suka nutse, kuma kusan babu wanda ya ɗauki hoton waɗannan ƙauyuka kafin ruwa ya hau su. Kawu ya mutu yana jin zafin wannan. Yakan ce a lokacin yana kan akwatinsa yana jiran mai fasfo, bai san abin da ya fi cancantar ɗauka yana bayansa ba.

Tafkin ya kawo mutanen da yankin bai saba gani ba. Injiniyoyi da ma'aikatan ruwa, baƙin otal ɗin Bagauda da na Rock Castle da ke kan dutse a Tiga, ɗalibai masu yawon buɗe ido, 'yan bautar ƙasa tun da aka fara tsarin a 1973, Kwarori da Indiyawan Kano masu fitowa shan iska ran Lahadi. Ya kuma kawo masunta, wasu 'yan ƙasa da suka saba su a kogi da rani, wasu baƙi masu bin ruwa duk inda ya taru, da kwalekwalensu da kalli da birgi da mamari da gora. Baƙin nan masu kuɗi ba su son hoton kujera da baƙin zane. Suna so a ɗauke su a cikin jirgi, ko a ɗaukar masu masunci yana aiki su tafi da shi gida. Kuɗin fetur ya shigo ƙasa, alhazai suna dawowa daga Jidda da rediyo da agogo da kyamara. A hannun wani alhaji Kawu ya sayi Pentax K1000, kyamarar da aka fara fitarwa a 1976, bayan ya ɗan yi zamani da Yashica mai ido biyu wadda ake leƙa ta sama. Abokan sana'arsa da yawa Zenit ta Rasha suka riƙe saboda araha, ita kuwa saurinta a 1/500 ya tsaya. Pentax tana kaiwa 1/1000. A bakinsu ba a dogon lissafi, sai dai ka ji an ce sittin, ɗari biyu da hamsin, ɗari biyar, dubu.

Abu uku ne ke hannun mai hoto. Akwai sifid, wato tsawon lokacin da shota za ta buɗe. Akwai afaca, faɗin ƙofar da haske zai bi ta cikin gilashi, mai lambobi 2 da 2.8 da 4 da 5.6 da 8 da 11 da 16, wadda lamba na hawa ƙofa na tsukewa, kowane mataki kuma rabin hasken na bayansa yake bari ya wuce. Sai ƙarfin fim, ASA 100 ko 200 ko 400. Kawu da ban-ruwan Kadawa ya koya mini: fangali ɗaya ne, ruwan da zai ƙosar da shi sananne ne, ko ka buɗe bakin kwata sosai ka toshe da wuri, ko ka buɗe kaɗan ka daɗe kana jira. In ya yi yawa shuka ta ruɓe, in ya gaza ta bushe. Mai ɗaukar abin da ke motsi ba shi da lokacin jira, don haka dole ya buɗe ƙofa. Da rana tsaka, da fim mai ASA 100, lissafin da kowa ya haddace shi ne afaca 16 a kan sifid 125. Daga nan sai ka yi ta musaya: 11 a kan 250, 8 a kan 500, 5.6 a kan 1000. Hasken da ya shiga duk ɗaya ne, amma hoton ba ɗaya ba ne. A 125 hannun masunci zai narke, birgin ya zama hayaƙi. A 500 birgin zai tsaya, zarensa ya fito. Ɗigon ruwan da ke tsiyaya daga darmar bakin birgi kuwa sai a 1000 yake tsayawa ɗaya-ɗaya.

Fim ba ya canzuwa a tsakiyar aiki. In ka ɗura mai ASA 100 da safe, da shi za ka yini har hoto 36 ɗin su ƙare, ko hadari ya haɗo, ko hazo ya sauka. Mai 400 yana da tsada, kuma sai an aika Kano. Saboda haka tun da asuba Kawu kan fito tsakar gida ya dubi gabas kafin ya buɗe kwalin fim.

Babbar fitinar ruwa ita ce yaudarar mita, wato ma'aunin haske. A cikin Pentax akwai wata 'yar allura a gefen dama, in ta tsaya tsakiya haske ya yi daidai. A kan tudu gaskiya take faɗa. A kan tafki, hasken rana da ke tashi daga ruwa kan cika mata ido, ta ce a tsuke, ka tsuke, hoto ya fito ruwa ya yi kyau, mutumin da ke tsakiyarsa ya zama baƙin gunki ba ido ba hanci. Baƙo Bature kan so irin wannan, ya ce ya yi fasali. Masunci ba ya biyan kuɗin hoton da uwarsa ba za ta gane shi ba. Dabarar Kawu ita ce ya juya wa ruwa baya, ya miƙa tafin hannunsa cikin irin hasken da ke kan fuskar mutumin, ya auna a nan, ya saita, sannan ya juyo ya ƙyale allurar ta yi ta tsalle. Sau da yawa abin kan tsaya a 500 da 5.6. Ruwan zai ɗan yi fari fiye da kima, amma fuska ta fito, har tsagen da ke kunci. Yakan ce mini, "Ɗan nan, ruwa ba ya sayen hoto. Mutum ka zo ɗauka."

Lokaci ma yana da nasa hukunci. Da hantsi, rana tana bayan mai hoto ko a kafaɗarsa, shi ne zaɓi. Da azahar inuwar malfa kan rufe fuska. A watannin hunturu hazo kan shanye launi, ruwa da sama su zama abu guda, ƙura kuma ta shiga kyamara, shi ya sa take kwana a cikin leda a cikin babban gwangwanin madara. Amma hazon nan yana da amfani ɗaya, yana tausasa inuwa, fuskar baƙin mutum ta fi fitowa a cikinsa.

Sai fokas. Babu na'urar da ke bin mutum da kanta, da yatsu ake murɗawa, kuma ba a murɗa wa birgi yana sama. Tun kafin masunci ya ɗaga hannu an gama. A jikin gilashi mai milimita 50 akwai 'yan layukan da ke nuna iyakar abin da zai fito tar: in afaca tana 8, ka ɗora fokas a mita 10, daga wajen mita 5 har ƙarshen gani duk zai fito. In an buɗe zuwa 5.6 ko 4 wannan fili ya ƙuntata, dole ka san tazarar da ke tsakanin jirginka da nasa, ka roƙi mai tuƙi ya riƙe ta. A cikin kwalekwale kuwa kai ma motsi kake, saboda haka ko mutum a zaune yake ba a sauka ƙasa da 250.

Duk wannan lissafi yaro mai kai zai haddace shi a mako. Abin da ke ɗaukar shekaru shi ne sanin lokacin latsawa. Mai birgi yakan tattara shi, ya rataya wani sashe a gwiwar hannu ko kafaɗa, ya murɗa ƙugu baya, ya dawo, ya saki. Birgin kan buɗe ya cika da'ira na ɗan ƙiftawa kafin darma ta ja shi ƙasa. Irin kyamararmu kuma madubi ne a ciki, kana latsawa yana ɗagawa, idonka ya yi duhu daidai lokacin da hoto ke shiga. In ka ga birgin a buɗe ta cikin kyamara, to ya riga ya wuce ka. Ƙugu ake kallo, ba birgi ba. Yana dawowa, hannu na rabuwa da zare, ka latsa. Kowane masunci da irin murɗawarsa, wani yakan yi jinkiri a baya, wani wuf ɗaya yake yi. Kawu kan zauna a jirgi ya kalli mutum yana wurgi sau da yawa, kyamara na cinyarsa, kafin ya ɗaga ta. Kuma ba ya shiga ruwa sai ya je ya gaida Sarkin Ruwa. "Ranka ya daɗe, mun zo neman iri a wurin yaranka." Sarki ya ce, "Mai hoto, yau iska za ta tashi bayan azahar, kar ku wuce tsibirin can." Wannan gaisuwa tana cikin saitin kyamara, domin daga bakinsa ake jin inda jirage za su taru da lokacin da ruwa zai kwanta.

Hoton da ya fi wuya, wanda kuma na fi ƙauna, shi ne na mai gora. Mutum kan kife ƙirjinsa a kan ƙatuwar gora, ya yi iyo da hannu da ƙafa, yana duba ƙugiyoyinsa, in ya ciro tarwaɗa ko ƙarfasa ya jefa ta bakin gorar. Tiga tafki ne mai faɗi, in iskar gaban hadari ta taso yakan yi igiya ta gaske, ta ɗaga mai gora ta sauke. Daga tudu in ka ɗauke shi, ɗan ɗigo ne a ruwa. Sai ka kwanta a cikin jirgi, kyamara dab da gefen katako, ka daidaita da idonsa, ka jira igiya ta ɗago shi sama da layin gaɓa. Haske a irin wannan lokaci ya ragu, ga buƙatar 500, sai a buɗe afaca har 4 ko 2.8, fokas ya zama na taƙi ɗaya. Kawu ya samu irin wannan hoto 'yan kaɗan ne a rayuwarsa, kuma bai sayar da su ba.

Daga baya na gane cewa a bakin teku akwai masu hoton da wannan ne dukan aikinsu, masu bin 'yan wasan hawan igiyar ruwa a kan allo. Tarihinsu ya yi kusa da namu fiye da yadda na zata. Wajen 1930 wani Ba'amurke Tom Blake ya ƙera wa kyamararsa akwatin da ruwa ba ya shiga, ya fita da ita teku a Hawai, mujallar National Geographic ta buga hotunansa a 1935. A 1963 kamfanin Nikon ya fito da Nikonos, wadda ake nutsewa da ita, amma ita ma hoto 36 ne, in sun ƙare sai mutum ya yi iyo ya koma gaɓa ya canza fim. Fim ɗin The Endless Summer na Bruce Brown, wanda ya zaga duniya a 1966, har Dakar da Gana da Legas aka zo ɗaukarsa, kuma yau a Tarkwa Bay ta Legas akwai samarin da suka ƙware a wasan. Masu ɗaukarsu a yanzu kan sa sifid 1000 zuwa 2000, afaca 5.6 ko 8, su bar kyamara ta riƙa bin mutum da fokas, ta kuma zuba hoto goma ko ashirin a sakan guda. Daga gaɓa da dogon gilashi mai milimita 400 ko 600 suke aiki, a cikin ruwa kuma da mai faɗin gani a cikin akwati. Tsoronsu farin kumfa ne, kar ya ƙone ya rasa zane, don haka sukan ɗan rage haske. Mu tsoronmu fuska ne, muna ƙarawa. Amma manyansu duk abu ɗaya suke faɗa da Kawu: wanda bai san ruwa ba, bai san inda mutum zai kasance bayan sakan ɗaya ba, tsadar kyamara ba ta fisshe shi.

Abin da aka koya a ruwa shi aka kai wa doki. A hawan angwanci da sukuwar bayan salla, Kawu kan zaɓi wani dutse ko tushen kara a kan hanya, ya ɗora fokas a kansa, ya jira. Dokin da ke tahowa gaba-da-gaba 250 ma takan tsayar da shi. Wanda ke gilmawa ta gefe ko 1000 da ƙyar. In rana ta yi sanyi, sai ya sauko 60 ko 125, ya bi mahayin da kyamara yana juya ƙugu tare da shi, ya latsa bai tsaya ba. Mahayi ya fito tar, jama'a da bango su zama zane-zane a bayansa. Samari sun fi son wannan, domin shi ke nuna doki gudu yake. A dambe da kokawa bayan kaka, da shaɗin Fulani a ƙauyukan gefen dajin Falgore, matsalar duhu ce, don sai la'asar sakaliya wasa ke zafi. Nan filasha ke aiki. Pentax ba ta karɓar filasha sama da sifid 60, amma walƙiyar kanta gajeriya ce ƙwarai, ita ke tsayar da hannu a iska, muddin kana kusa. 'Yan dambe wasu ba sa so, suna cewa tana ɗauke masu ido, kuma suna da gaskiya.

Zuwan hoto mai kala ya ƙara ciniki, ya kuma raba mai hoto da rabin sana'arsa. Baƙi-da-fari a ɗakinsa yake wankewa, da jar fitila, in fuska ta yi duhu ya kāre ta da hannu a ƙarƙashin injin har ta fito. Mai kala sai an kai Kano, a ba direba a Kwanar Ɗangora ko Tudun Wada, a jira. Injin wanki kuwa matsakaicin haske yake nema, in ya ga ruwa ya yi fari sai ya duhunta katin gaba ɗaya, ya mayar da fuskar da aka sha wahala a kanta cikin duhu. Ga shi kamfanonin fim sun daɗe suna gwada launinsu da hoton farar mace. Akwai wani gidan wanki da ya sha ɓata mana aikin Tiga, har Kawu ya koma bin fim ɗinsa da kansa, ya tsaya a kan mai injin yana cewa, "Malam, don Allah fuskar za ka duba, ƙyale ruwan."

Daga 1986, da gwamnatin Babangida ta kawo tsarin SAP naira ta faɗi, fim da takarda da magani, waɗanda duk daga waje suke zuwa, suka yi tashin gwauron zabi. Hoton motsi shi ya fara mutuwa, domin shi ne mai cin fim: a biki kowane latsi kuɗi ne, a ruwa kuwa sai ka ƙona biyar ka samu ɗaya. Da damina ta 1988 madatsar Bagauda ta ɓalle ta yi ɓarna mai yawa. Baƙi suka ja baya, otal-otal suka yi sanyi, na Bagauda daga baya ya zama reshen Makarantar Horon Lauyoyi. Dajin Falgore, wanda a da ake tsayawa a hanyar Jos a ɗauki birai, ya yi shekaru ana tsoronsa saboda ɓarayi. Masu hoto suka koma biki da suna da fasfo. Sai dijital ta zo, sai wayar hannu daga 2001, daga baya ta zo da kyamara a jikinta. Sashen fim na kamfanin Agfa ya durƙushe a 2005, kamfanin fim na Kodak ya nemi kariyar fatara a 2012. Shagunan da na sani a garuruwan nan yawancinsu sun koma buga takardu da cajin waya.

Ba na cikin masu cewa waya ta lalata hoto. Yau yaron masunci yana ɗaukar ubansa a kan ruwa, abin da a da sai baƙo mai kuɗi. Na ga hotunan Tiga a Facebook da TikTok waɗanda Kawu zai tsaya ya daɗe yana kallo. Sai dai in samari suka nuna mini nasu, kuskuren nan biyu na nan: birgi ya narke, fuska ta yi duhu. Wayoyi da yawa suna da sashen da mutum ke saita sifid da kansa. Nakan ce su sa 1000, su bar ISO, wadda a fim muke kira ASA, ta nemi kanta, su dangwala fuskar mutumin a allo su ɗan ja haske sama, su kuma durƙusa su daidaita da ruwa. In sun yi, sukan dawo da murna.

Abin da ya fi damuna nagatif ne. Kowane tsohon mai hoto a Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa ya bar kwalaye, kuma a cikinsu akwai Tiga tana sabuwa, akwai kasuwanni kafin a sāke masu wuri, akwai Riruwai lokacin da kuza ke ci, akwai fuskokin hakimai da dagatai da 'yan dambe da amaren da jikokinsu ba su taɓa gani ba. Danshin damina yana manne su, gara tana cin ambulan, magada kuma sukan zubar don ba su ga amfanin baƙar leda ba. Na Kawu na raba su da ledar da suke ciki, na sa kowane zube a farar takarda, na rubuta wuri da shekarar da na iya tunawa, na ajiye a akwatin ƙarfe nesa da ƙasa. Ana iya ɗora nagatif a kan farin allon waya, a ɗauke shi da wata wayar, a juya launinsa, a ga ko wane ne kafin a nemi mai sikana. Gidan Ɗan Hausa da Gidan Makama a Kano, da Gidan Arewa a Kaduna, su ne wuraren da ya dace irin wannan kaya ya ƙare, kuma zai yi kyau ma'aikatansu su fito garuruwan nan su bi gidajen tsofaffin masu hoto tun 'ya'yansu da yaran shagonsu suna raye, don su kaɗai za su iya cewa wannan wane ne, wannan kuma a wace gaɓa aka ɗauka.